Tambaya da Amsa: Malamin da zai sauya jiha, mi ke bin shi mi ke tsayawa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wanga watan saƙonnin da suka shigo kusan duk maganarsu guda ce, malaman lakwal masu son tashi daga inda suke su koma wata jiha, wasu ma wata ƙasa, kuma ban yi mamaki ba tunda bakansi ya matso kowa ya fara tunanin inda rantire, wato komawa lakwal, za ta iske shi. Na ɗauki waɗanda na ga amsarsu za ta amfani mutane da yawa, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA, daga wata madam a yankin Mayahi:

Salamu alaikum Baba Malam ina kwana ina gajiya ya iyali. Don Allah ina da tambaya, ni 'yar kwantaragi ce ina koyarwa a wani ƙauye cikin Mayahi, na hito ENI, makarantar horon malamai, ta Maradi da takardar kammalawa CFEEN, to maigidana ma'aikaci ne an yi mishi afektasiyo, wato sauyin wurin aiki, zuwa Tawa tun bara, ni ina nan da ɗiya ukku shi yana can sai ƙarshen wata ya zo wani watan ma bai zuwa, uwar mijina ta ce in tattara in bi mijina ai aiki bai hi aure ba, wata ƙawata kuma ta ce in tahi kawai in na je in kai takarduna DREN, ofishin ilimi na jihar Tawa, za su ba ni kilas tunda ko'ina neman malamai ake. Ni dai tsoro nike ji kada in rasa aikin wallahi da shi nike taimakon mahaihiyata. Shin takardata ta ENI tana aiki a Tawa ko sai na sake wata jarabawa, kuma mi ya kamata in yi? Allah shi saka da alheri.

AMSA:

Wa alaikumus salam ɗiyata, lahiya lau alhamdulillahi, Allah shi raya mana zuri'a. Bari in fara kwantar miki da hankali kan takarda. CFEEN ɗinki ta Nijar ce baki ɗaya, ENI ta Maradi wurin karatu ne kawai amma gwamnatin ƙasa ce ta ba ki shaidar, haka ma takardun ƙwarewar koyarwa CEAP da CAP ga wanda ya yi su. Daga Difa har Tilaberi, jihohin nan 8 duka, tsarin karatu guda ne ƙarƙashin dokar ilimi ta ƙasa, LOSEN, ta 1998, ma'aikatar ilimi guda ce a Yamai, don haka ba mai cewa ki sake zaman jarabawa don kin ƙetara daga Maradi zuwa Tawa. Wannan ki cire shi daga ranki.

Amma shawarar ƙawarki don girman Allah kada ki bi ta. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, sai dai irin wagga magana ta raba mata da yawa da aikinsu, na gani da idona lokacin da nike konseye, mai zagayawa yana ba malamai shawara. Takarda duk inda kika tahi tana cikin jakarki, gurbin aikin kuwa na wancan ƙauyen ne da aka tura ki, ba ya tashi don kin tashi. Sunanki yana cikin lis ɗin malaman Maradi, pekil ɗinki, wato albashin ɗan kwantaragi, daga wannan lis ɗin yake hita, to in kika je DREN ta Tawa da dosiye a hannu za su karɓe ki da mutunci su ba ki kujera su ce madam ina takardar afektasiyo, in babu ba abin da za su iya yi miki ko da suna da kilas birjik ba malami, domin ba su da ikon ɗauko mutum daga lis ɗin wata jiha. A can baya kuma diraktanki dole ya rubuta ya kai ansipeksiyo, ofishin sufeton ilimi, cewa madam ba ta zo rantire ba, in ya rufa miki asiri shi za a tuhuma, daga nan a tsaida pekil, in abin ya daɗe a soke kwantaragin a ce kin gudu kin bar aiki. Mai matirkil, wato cikakken ma'aikacin gwamnati, in ya yi haka akwai matakai, a aiko mishi gargaɗi a kira shi gaban kwamitin ladabtarwa, yana shan wuya amma ana jin ta bakinshi. Ɗan kwantaragi ba shi da wannan kariyar duka. Duk wanda ya ga jarabawar tantance 'yan kwantaragi ta 2017 ya san yadda dubban mutane suka wayi gari ba aiki, kuma ya san wahalar komawa ciki. Ga shi kuma ranar da aka zo ɗaukar 'yan kwantaragi a ba su matirkil ana diba daɗewar mutum a bakin aiki, shekarun nan da kika yi kina shan ƙura a ƙauye su ne jarinki, in kika yanke su da hannunki kin yi asara babba.

To ga hanyar. In sauyin cikin jiha ne, a ce daga Mayahi zuwa Tasawa ko Gidan Rumji, magana nan Maradi take ƙarewa, amma naki daga jiha zuwa jiha ne sai ya je Yamai. Za ki rubuta demandi da hannunki zuwa ga minista ki manna tambur, ki faɗi dalilinki a taƙaice wato kusantar maigida, ba sai kin cika shafi da kuka ba, takardun da kika haɗa su ne za su yi magana. Kuma ba ɗauka za ki yi ki kai Yamai da kanki ba, ta hannun dirakta za ta bi ya rubuta ra'ayinshi ya sa hannu ya buga hatimi, ta hau ansipeksiyo, ta hau DREN, sannan ta wuce, in ta tsallake mataki guda maido ta ake. Ki haɗa fotokopin CFEEN da aka yi wa legalize a meri ko kwamisariya, da kwantaraginki, da takardar kama aiki ta lakwal ɗin da kike yanzu, da takardar afektasiyon maigida, da shaida daga shugabanshi cewa yana bakin aiki a Tawa, da takardun haihuwar yaran, sai kuma takardar aure.

Nan zan ɗan tsaya, don wagga takardar aure ita ce ke kada mutane. Mu a nan an ɗaura aure a ƙofar gida, liman ya yi addu'a an raba goro da dabino, shi ke nan aure ya tabbata gaban Allah da jama'a, ba wanda ke tuna meri. Sai ranar da ake neman afektasiyo mace mai ɗiya ukku ta tsaya gaban sakatare a ce mata madam ina shaidar kina da aure. In an rubuta aurenku a meri tun lokacin to madalla ki je ki ciro kopi. In ba a rubuta ba kuma lokacin rubutawa ya wuce, sai kun bi ta kotu ke da maigida da shaidu a yanke muku takardar da ke tabbatar da auren sannan a kai meri a shigar, kuma wannan ba aikin yini guda ba ne, don haka tun yanzu ki kira shi ki ce zuwan da zai yi na gaba ya zo da shirin wannan. Ki kuma diba rubutun sunanki, in a CFEEN an rubuta shi iri guda a takardar aure an rubuta wani iri, harafi guda ma ya isa a aje dosiye gehe, gara a gyara tun nan.

Ki je ansipeksiyo ki karanta sanarwar bana da idonki, kada ki dogara da an ce, a ciki ne za ki ga ranar ruhe karɓa da sharuɗɗan da aka gindaya. Ranar da kika miƙa dosiye kuma kada ki juya sai sakatare ya shigar da ita cikin babban littahin nan na shigar takardu, ki tsaya ki ga lambar da kwanan wata ki rubuta a bayan hannunki ko cikin waya, ki riƙe fotokopin komi a gida. Na taɓa buɗe wani kabad a wata ansipeksiyo da ba zan ambata ba muna neman wata takarda daban, sai ga dosiyen wata baiwar Allah cikin shamis ruwan hoda, gara ta fara cin gehenta, an maƙala 'yar takarda da fensir an rubuta ba tambur, ba wanda ya kira ta ya faɗa mata, ita kuwa tana can ƙauye tana jiran lis ya hito har ta fara sayar da kajinta tana shirin tashi. Tambur ɗin da bai kai kuɗin mota zuwa Maradi ba shi ya cinye mata shekara. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni sai in ce zuwa da kai ya hi aike, bayan sati biyu ki koma ki tambaya da ladabi ko ta wuce DREN, ki nemi lambar takardar rakiyar da ta tahi da ita. In kina cikin sandika, SNEN ko SYNACEB ko wadda kike, ki ba wakilinku kopi, bin irin wagga magana yana cikin aikinsu kuma don haka kuke biyan kuɗɗin kati.

Wata shawara kuma, kada ki kahe kan sai cikin garin Tawa. Kowa birni yake so, lakwal ɗin birni cike suke da madam-madam har wani wurin ka iske biyu ko ukku kan kilas guda, in kika nuna kin yarda da ƙauyukan kewaye inda za ki iya zuwa ki dawo ko ki riƙa shigowa ƙarshen sati dosiyenki ya hi saurin samun karɓuwa. In Allah ya sa sunanki ya hito, ki karɓi takardar barin aiki daga diraktanki na yanzu, ki damƙa mishi rajista da littattahai da makullin kabad a gaban shaida, ki je Tawa ki gabatar da kanki a DREN su tura ki ansipeksiyo su kuma su tura ki lakwal, ranar da kika isa a yi miki takardar kama aiki. Ki yi tanadin 'yan kuɗɗi don sau da yawa pekil yana jinkiri kahin sunan mutum ya zauna cikin sabon lis, kuma kada ki ruhe kwant ɗinki na banki kahin kuɗɗin farko su shigo daga can.

Maganar Inna, uwar mijinki, kuwa, tana da gaskiyarta, ba uwar da ke son ganin ɗanta yana cin abincin kasuwa jikokinta suna tashi ba uba kusa. Kada ki yi musu da ita. Ki bar maigida ya zauna da ita ya nuna mata cewa tahiyar ake shiryawa, amma ta hanyar da ba za a rasa abin da ke shigowa gidan ba, bakansi wata ukku ne ki kwashi yara ku je ku yi shi can. In kuma bana bai hito ba ki sake ajewa baɗi, ki rubuta cewa karo na biyu ne.

Kuma ɗiyata ki bar ni in faɗi abin da ke ci mini rai, ba da ke nike ba don naki dalilin na gaskiya ne. Ƙofar nan ta kusantar ma'aurata an buɗe ta don irinku, amma akwai masu zuwa da takardar auren da ba aure, ko miji ɗan kasuwa ne yana nan gari a ƙago mishi aiki a birni, duk don a gudu daga ƙauye, su ne suka sa ake kallon dosiyen mai gaskiya da zargi. Wanda ke biyan bashin kuwa yaron ƙauye ne, iyaye sun yanko kara sun kafa rumfar zana bayan girbi, yara sun zo da allo sun zauna kan yashi, har watan Disamba ba mushe. Don haka ko da sunanki ya hito ki gama abinki da kyau, ki bar wa wanda zai gaje ki rubutu a fayyace inda kowane kilas ya tsaya da yaran da ke buƙatar a ja su a jiki.

TAMBAYA, daga wani mushe a jihar Difa:

Baba barka da aiki. Ni titiler ne, cikakken ma'aikaci, ina da matirkil, ina koyar da lissahi a wani CEG, ƙaramar sakandare, wajen Maine Sorowa, asalina ɗan Tasawa ne mahaihina ya tsufa ba lahiya ni ne babba. Cikin wani gurup na WhatsApp na samu wani ɗan Difa da ke aiki a jihar Maradi ya ce mu yi permitasiyo, wato musayar wurin aiki, amma sai na ba shi jikka 200, wani kuma ya ce yana da mutum a Yamai in ba shi kuɗɗi sunana ya hito ba sai na aje dosiye ba. Wanne zan bi?

AMSA:

Ɗana Allah shi ba Baba lahiya, shi sa kaffara ne. Na biyun nan ka share shi ko gaisuwa kada ta ƙara haɗa ku kan wagga magana, in ya ci kuɗɗinka ba inda za ka kai ƙara don kai ma ka san abin da ka bayar ba halas ba ne, in kuma takardar da ya kawo maka ta jabu ce ranar da aka gano matirkil ɗinka ne a wuta, shi yana gehe.

Permitasiyo kuwa hanya ce sananna kuma masu biro ma sun hi son ta, tunda ba kilas ɗin da zai zauna ba malami, wannan ya tashi wancan ya zauna. Amma ka bincika da kyau, shi ma titiler ne, a CEG yake, kuma lissahi yake koyarwa? In malamin faransanci ne ko na piramare ne ba musaya tsakaninku, don wanda zai sa hannu abin da yake dibawa shi ne wa zai riƙe awowin lissahin nan bayan ka tahi. In kun dace kowa ya rubuta demandinshi ya ambaci sunan ɗan'uwanshi da matirkil da lakwal, kowa ya bi ta shugabanninshi, kuma kada ɗayanku ya ɗaga ko tabarma sai takardar ta hito da sunayenku biyu, na san waɗanda suka yi musaya da baki kowa ya je ya kama kilas ɗin wani, da bincike ya zo aka rubuta su biyun duka ba su bakin aiki.

Jikka 200 ɗin nan kuma ban ga dalilinta ba. Shi ma gida za shi kamar yadda za ka gida, mi ya sayar maka? Ka faɗa mishi haka cikin mutunci, in ya ƙi ka sake cigiya, 'yan Difa da ke aiki Maradi da Damagaram ba shi kaɗai ba ne. Ka kuma aje demandi ta kanka a gehe ka haɗa takardar likita ta Baba.

TAMBAYA, daga wata malama a unguwar Zariya, Maradi:

Assalamu alaikum Baba. Ni 'yar Katsina ce aure ya kawo ni Maradi, ina da NCE, takardar malanta ta Nijeriya, ta turanci kuma na yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai, ina da lasin, ina koyarwa a firamare ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, kafin bikin. Yanzu zaman gida ya ishe ni ina son in koma aji, shin lasin ɗina zai yi aiki a nan? Sannan ƙanwata ita ma malama ce za ta koma Kano daga Katsina, ita ya nata yake?

AMSA:

Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu da zuwa, ai Maradi da Katsina gida guda ne, daga nan ka bi Ɗan Isa ka hita Jibiya ka shiga Katsina ba ka ji harshe ya sauya ba. Sai dai gwamnati biyu ce, kuma takardun aiki sun san iyaka ko da mu ba mu san ta ba. TRCN hukuma ce ta Nijeriya, dokar 1993 ce ta kafa ta, lasin ɗinta yana aiki cikin jihohi 36 da Abuja, amma da kin ƙetaro ba ya ba ki ikon shiga kilas a nan. Abin da zai yi miki amfani shi ne NCE ɗin kanta, karatun shekara 3 ne bayan sakandare, ita za a kai a auna a ce daidai take da wace takarda ta Nijar. A Yamai ake wannan, hukumar OBEECS wadda ke shirya BAC ita ce kuma ke da sashen daidaita takardun waje, ki tanadi ainihin NCE da sakamakon kowace shekara da WAEC ko NECO ɗinki, ki kuma shirya kuɗɗin fassara su zuwa faransanci wurin mai fassarar da hukuma ta yarda da shi.

Aikin gwamnati kai tsaye sai ɗan ƙasa, to amma matar ɗan Nijar tana da hanyar neman takardar zama 'yar ƙasa, kuma tun 2014 doka ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, ba sai kin saki ta Nijeriya ba, ku je kotu ke da maigida ku tambayi yadda ake. Ni dai in za ki ji tawa kada ki zauna jiran wannan, ki fara da lakwal masu zaman kansu. A nan daga shekarar farko ta CEG ake fara turanci kuma masu iya shi a baki ba su da yawa, yara da yawa suna zuwa BEPC sun haddace ƙa'ida amma ba su iya haɗa jimla biyu, ke kuwa da shi kika yi karatu tun firamare. Ga shi kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya aje Hausa harshen ƙasa, ya aje turanci da faransanci harsunan aiki, don haka masu neman irinki ƙaruwa za su yi. Mai lakwal ɗin da ya ɗauke ki ki matsa mishi ya nema miki izinin koyarwa daga hukumar ilimi, kada ki yarda da ai ba komi fara kawai, in masu bincike suka zo ke za a ce ki hita. Ki kuma dage ki koyi faransanci ko na cika rajista da rubuta biltan ne, da na zaman taron malamai, in ba haka ba kullum sai kin nemi mai karanta miki.

Abu guda ban ji kin ambata ba, ya kika rabu da SUBEB? In tahowa kawai kika yi ki koma ki gyara, ko ki nemi hutu ba albashi ko ki aje aiki a rubuce ki karɓi shaidar shekarun da kika yi, kuma in albashi na shigowa alhali ba ki aji wallahi ki tsaida shi, haƙƙin yara ne. Lasin ɗin ma ki riƙa sabunta shi in lokacinshi ya yi, ba ki san abin da gobe za ta kawo ba.

Ƙanwarki nata ya hi sauƙi ta wani gehen, lasin ɗinta na TRCN na tarayya ne, a Kano ma yana aiki ba sai ta sake jarabawar ba. Amma albashinta jihar Katsina ke biya, Kano kuma nata ma'aikatan daban, sai SUBEB ta Kano ta yarda a rubuce za ta karɓe ta sannan ta Katsina ta sake ta, a tura fayil ɗinta da matakin albashinta da lissahin shekarunta don fansho. Wani lokaci ana tsayawa kan maganar ɗan asalin jiha, nan takardar aurenta da ta asalin maigidan za su taimaka. Ita ma kada ta bar ajinta sai takardar karɓa ta zo hannunta.

TAMBAYA, daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Maradi:

Malam ɗiyar ƙanena ce a Amurka, can ta yi karatu tana koyar da faransanci a Grinsboro cikin jihar Karolina ta Arewa, za su koma Niyok, ta ce wai sai ta sake neman lasin. Ba ƙasa guda ba ce? Ko dai ba ta son aikin ne?

AMSA:

Alhaji gaskiya yarinyar ta faɗa maka, kada a zarge ta. Amurka ba kamar mu ba ce, can gwamnatin tarayya ba ta ba da lasin koyarwa, kowace jiha cikin 50 ɗin nan ita ke ba da nata da sharuɗɗanta. Akwai yarjejeniya tsakanin jihohi ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna NASDTEC da ke sa jiha ta diba lasin ɗin 'yar'uwarta, amma dibawa ce kawai, sai mutum ya cika takarda ya biya kuɗɗi an ga abin da ya rage mishi. Jihohi da yawa har da Karolina ta Arewa jarabawar Praxis suke amfani da ita, Niyok kuwa nata jarabawoyin take da su, ga ɗaukar zanen yatsu don binciken laihi, ga 'yan kwasa-kwasai na dole kan kare yara daga cin zarahi. Wanda ya riga ya yi shekaru yana koyarwa a makarantar gwamnati da cikakken lasin ana rage mishi wasu daga ciki, don haka ta roƙi hukumar makarantun da take wa aiki su rubuta mata shaidar shekarunta da sakamakon binciken aikinta tun tana can, bayan an tashi neman irin waɗannan takardun ta waya wahala ne. A 2023 wata sabuwar yarjejeniya ta sauƙaƙa ƙaurar malamai ta fara aiki bayan jihohi 10 sun shiga, sai dai tana amfani ne in jihar da aka baro da wadda aka nufa duk suna ciki.

Ka ce mata ta shiga shahin intanet na ma'aikatar ilimin jihar Niyok ta buɗe dosiye tun watanni kahin tashinsu, kada ta bari lasin ɗinta na yanzu ya mutu kahin sabon ya hito, ta kuma tambayi asusun fanshon malamai na jihar da za ta bari abin da zai samu kuɗɗin da aka riƙa cire mata, don shi ma na jiha ne ba ya binta da kanshi. Ka gaishe su.

Masu tambaya kan komawa daga franko-arab zuwa lakwal ta gargajiya na ga saƙonninku, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.